Tambaya da Amsa: Saund kad mai ƙofa nawa zan saya wa situdiyona?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda muka taɓo maganar makirfo a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu akan abu ɗaya suke, wato saund kad, akwatin nan da ake jona masa makirfo da fiyano ya shigar da sautin cikin kwamfuta sannan ya dawo da shi lasifika da hedfon. Na zaɓo guda biyar, waɗanda basu ga nasu ba su yi haƙuri, in sun karanta waɗannan ina kyautata zaton zasu tsinci amsarsu a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramin situdiyo a wajen Zoo Road, shekara uku kenan ina aiki da saund kad Scarlett 2i2 mai ƙofa biyu ba wata matsala. To yanzu wani mawaƙin gargajiya ya kawo min aiki, masu kalangu biyu ne da mai kurkutu da 'yan amshi huɗu, kuma yace shi bazai iya waƙa ba sai kiɗa na tashi a bayansa. Na ga wani Scarlett 18i20, shin makirfo 18 yake ɗauka? Ko in ƙaro wani 2i2 ɗin in haɗa su biyu? — Mai situdiyo, Kano

AMSA: Barka kadai ɗan uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Da farko dai mawaƙin nan gaskiya ya faɗa maka, dan Allah kar ka matsa masa akan sai an ɗauki kiɗa daban murya daban kamar yadda muke yi wa 'yan fiyano. Mai kalangu ba bin mitar kwamfuta mai ƙirga bugun kiɗa yake ba, bakin mawaƙi yake bi, yana jin an ambaci sunan wani zai matse tsarkiya a hammata ya mayar da kirarin da kiɗa, 'yan amshi su kuma numfashin ubangidansu suke jira su karɓe, to in ka raba su ka sa kowa ya shigo shi kaɗai da hedfon a kunne zaka samu sauti mai tsafta amma waƙar ta mutu, kuma shi mawaƙin yana saurara zai ce maka wannan ba tasa bace.

Saboda haka ka ɗauko takarda ka ƙirga makirfo nawa zasu kasance a buɗe a lokaci guda, wannan shine lissafin da ake sayen saund kad da shi, ba yawan tirak, wato layukan sauti, da ke cikin manhajar ɗaukar sauti irin Cubase ba. Mawaƙi ɗaya, kalangu biyu kowanne da nasa, kurkutu ɗaya, 'yan amshi huɗu ka basu biyu su tsaya bibbiyu, shida kenan, ka ƙara ɗaya can gefe ya ɗauko amon ɗakin gaba ɗaya, bakwai. Kaga kenan mai ƙofar makirfo takwas kake buƙata, ɗaya ta rage maka ko da ranar an zo da mai goge ko maroƙi.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami. 18 ɗin da ke jikin sunan 18i20 ba ramin makirfo 18 bane. Lissafin da ya bashi sunan shine takwas na makirfo, takwas ta wata 'yar ƙofa da ake kira ADAT, biyu kuma ta wata ƙofar dijital mai suna S/PDIF, su suka tashi 18. Ramin makirfo na gaskiya, wato mai firiyam a bayansa wanda ke ɗaga raunanniyar muryar makirfo ta kai ƙarfin da za'a iya ɗauka, takwas ne kacal. Haka Behringer UMC1820 yake, shima takwas. Tascam US-16x08 an rubuta 16 amma takwas ne na makirfo, sauran takwas ɗin na jona fiyano da jita da makamantansu ne. Kai ko Scarlett 4i4 da ake ganin huɗu ne, makirfo biyu yake ɗauka. To duk sanda ka je saye ka manta da lambar kwali, ka juya na'urar gaba da baya ka ƙirga ramukan nan masu ƙananan huji uku da yatsanka.

Ita ADAT ɗin kuma ba ƙarya bace, amfaninta sai nan gaba. Waya ce siririya da haske ke bi ta cikinta, tana ɗauko layi takwas daga wani akwatin firiyam daban, irin Behringer ADA8200 ko Scarlett OctoPre, sai ka wayi gari da makirfo 16 ba tare da ka sayar da saund kad ɗinka ba. Sharaɗinta biyu: takwas ɗin nan a saurin ɗaukar sauti na 44.1 ko 48kHz ne, in ka hau 96kHz waya ɗaya huɗu kawai zata ɗauka, sannan dole ɗaya daga cikin na'urorin biyu ya zama shine mai riƙe agogo ɗayan yana binsa, in ka bar kowa da agogonsa zaka ringa jin ƙas-ƙas a cikin waƙa ka rasa daga ina yake. Wannan ne ma yasa maganar haɗa 2i2 biyu bana baka shawararta. A Windows manhajar ɗaukar sauti direban ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da saund kad, guda ɗaya take riƙewa a lokaci guda, dabarun da ake yi da ASIO4ALL suna iya tafiya yau gobe su ƙi, kuma ko a Mac da yake da hanyar haɗa su a hukumance, ƙarshenta dai makirfo huɗu ka samu, kai kuma bakwai kake nema.

Wanne zaka saya? In aljihu ya yi nauyi 18i20 ɗin ya yi, tunda ka riga ka saba da kayan Focusrite, ko Audient EVO 16 ko PreSonus Studio 1824c, duk takwas-takwas ne kuma duk suna da ADAT. In kuɗin sun gaza UMC1820 zai yi maka aikin nan ba kunya. Tascam ɗin yana da kyau ga mai fiyano da yawa amma bashi da ADAT kuma ramin hedfon ɗinsa ɗaya ne, ka san da wannan. Ni a ganina bambancin sauti tsakanin waɗannan bai kai bambancin da ɗakinka zai kawo ba, kuma anan nake so ka fi sa hankali.

Ranar da na fara ɗaukar masu kalangu da ƙofa takwas murna nake kowa ya samu layinsa, da aka gama na zauna miksin na kashe duk tirak na bar na mawaƙi kaɗai, wallahi kalangun da ke cikin makirfonsa har ya so ya fi muryarsa ƙarfi, saboda ɗakin ƙarami ne, bango siminti ƙasa tayil, sauti na dukan bango yana dawowa cikin kowane makirfo. In na ɗaga murya kalangu ya taso, in na rage kalangu murya ta tafi. Washegari muka sake, na aro katifu biyu na jingina su a tsaye tsakanin makaɗa da mawaƙi, muka shimfiɗa darduma, na cire masa kondensa, makirfon situdiyo mai kwaso kowane ɗan motsi, na bashi makirfon hannu SM58 ya riƙe dab da baki yana fuskantar makaɗan yadda bayan makirfon ne ke kallonsu, su kuma kalangun na sa musu SM57 kamar tazarar tafin hannu daga fata. Da na sake kashe tirak ɗin na bar nasa sai ga murya ta fito fes, kalangu na can nesa kamar daga maƙota. Akwai ƙa'idar da masu aikin sauti ke bi, in makirfo na nesa da bakin mai shi da taku ɗaya to makirfo na kusa da shi ya yi nesa da taku uku, ka riƙe ta. Kuma ka tuna kuɗin saund kad ba shine ƙarshen kashe kuɗi ba, ƙofa takwas na nufin makirfo bakwai ko takwas, sandunansu, wayoyin makirfo masu kyau, wato XLR, da ɗan akwatin raba hedfon irin HA400 mai rami huɗu, ka haɗa lissafin duka kafin ka karɓi kuɗin aikin mutane.

TAMBAYA: Ni waƙoƙin bege nake yi, ni kaɗai a ɗakina da laftof da FL Studio da fiyano Yamaha, wani lokacin ƙanwata ta yi min amshi. An ce min in ina son sauti irin na manyan situdiyo sai na sayi mai ƙofa takwas. Haka ne? — Wata 'yar uwa, Zariya

AMSA: Malama ba haka bane, ki riƙe kuɗinki. Yawan ƙofa baya ƙara wa murya daɗi ko kaɗan, muryarki ta ƙofa ɗaya zata shiga ko da na'urar ƙofa ɗari gareta, sauran ƙofofin ƙura kawai zasu ringa sha. Amshi kuma ko sau goma kike so ki jera shi zaki iya, ɗaya bayan ɗaya, duk ta wannan ƙofar.

Abin da zan ce ki duba shine fiyanon. In sautinsa na ciki kike so ki ɗauka, dama da hagu, ya cinye ƙofa biyu, ke da ƙanwarki biyu, huɗu kenan, to irin Scarlett 4i4 ko MOTU M4 sun dace dake daidai, makirfo biyu a gaba fiyano a baya, ba sai kina cire waya kina mayarwa ba. In kuwa fiyanon dannawa kawai kike yi sautin na fitowa daga cikin FL Studio, wayar USB ta isheshi, mai ƙofa biyu ma ya wadatar. Wani alherin ƙananan kuma shine daga jikin laftof suke shan wuta, ko an ɗauke NEPA kina tsakiyar baiti aikinki bai tsaya ba, manyan masu takwas ɗin nan sai an jona su a bango. Rarar kuɗin ki sa a makirfo mai kyau da hedfon mai rufe kunne ruf, ki rataya barguna masu kauri a bayanki da gefenki. In kondensa kika saya irin AT2020 kar ki manta sai kin danna maɓallin 48V zai yi magana, da yawa sun mayar da makirfo kanti suna cewa ya lalace alhali wannan ne.

TAMBAYA: Ina da miksa mai layi 12 da ramin USB, muna zuwa da ita wajen biki da majalisi. Amma in na jona ta a kwamfuta duk makirfon sai su haɗu a tirak ɗaya, na kasa raba su. Saitin ne ban iya ba? — Mai kayan sauti, Maraɗi

AMSA: Ba laifin saitinka bane malam, haka aka ƙera ta. Yawancin ƙananan miksa masu USB, irin su Yamaha MG10XU da jerin Xenyx na Behringer, abin da suka riga suka gauraya shi suke turawa kwamfuta, layi biyu dama da hagu, shikenan. Kamar kunu ne, in an riga an dama ba mai iya tsame gero daban tsamiya daban. In mai mandiri ya danne sha'iri a wajen majalisi to haka zai zauna a rikodin ɗin har abada.

Irin aikinka na fita waje ni ba ma saund kad zan ce ka nema ba, miksa zaka nema wadda take ɗaukar kowane layi daban. Zoom LiveTrak L-12 tana da ramin makirfo takwas, tana rubuta kowane layi a katin SD ba sai da kwamfuta ba, ga ramin hedfon biyar, in ka dawo gida ka zare katin ka zuba a kwamfuta ka yi miksin a natse. Ƙanwarta L-8 makirfo shida take ɗauka kuma tana tashi da batir AA guda huɗu ko fawa bank, wanda duk mai zuwa ƙauye ɗaukar biki ya san darajar wannan. Tascam Model 12 ma wannan layin take. In taron babba ne akwai Behringer XR18 mai makirfo 16, tana tura layi 18 kwamfuta ta USB, sai dai bata da maɓallan turawa a jiki, da waya ko tablet ake sarrafa ta, wasu hakan baya musu daɗi a tsakiyar taro. Kafin ka biya ka sa mai kanti ya jona ta a laftof a gabanka, ka buɗe manhajar ka ƙirga layin shiga nawa suka bayyana, in biyu ka gani to irin taka ce aka canja wa riga. Ka tanadi wajen ajiya kuma, layi takwas a 24-bit da 48kHz suna cin kusan MB 69 a minti ɗaya, awa guda ta haura GB 4.

TAMBAYA: Mawaƙa suna min ƙorafi wai suna jin muryarsu tana makara a hedfon, in na rage bafa kuma sai sauti ya ringa tsatsagewa. An ce USB 2.0 ne matsalar, sai dai in koma ramin Thunderbolt. — Furodusa, Jos

AMSA: Wanda ya gaya maka haka bai yi lissafi ba. USB 2.0 tana ɗaukar megabit 480 a daƙiƙa, layi 16 a 24-bit da 48kHz basu kai megabit 20 ba, kaga hanya ce mai faɗi da 'yan motoci kaɗan. Thunderbolt tana da amfaninta, yawancin Apollo na Universal Audio da ita suke aiki, amma laftof nawa ne a hannun yaranmu suke da wannan ramin? Kuma kar kamannin rami ya ruɗe ka, ba kowane USB-C bane Thunderbolt, sai ka ga alamar walƙiya a gefensa ko ka duba takardar kwamfutar.

Makarar daga bafa take, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, da kuma direba. Bafa 128 a 48kHz kusan milisakan 2.7 ne, 256 ya zama 5.3, 512 ya haura 10, 1024 ya haura 21, kuma wannan tafiya ɗaya ce, sai ka ninka saboda shiga da fita sannan na'urar ta ƙara nata ɗan lokacin. Mawaƙi yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, to in ta hedfon ta iso a makare sai su yi karo, ya ringa jin kamar yana waƙa a cikin rijiya, daga nan sai ya fara sauka daga kan kiɗa kai kuma kana ganin laifinsa.

Maganin farko kyauta ne, kusan kowane saund kad yana da maɓalli ko saiti da aka rubuta Direct Monitor, ka kunna shi, muryar zata tafi kunnen mawaƙi kai tsaye ba tare da ta zaga cikin kwamfuta ba, sai ka kashe sauraron tirak ɗin a manhaja don kar ya ji biyu. Matsalar kawai bazai ji Auto-Tune mai daidaita murya a kunnensa ba, kuma na san mawaƙanmu na yanzu da yawa in basu ji shi ba basa sakin jiki. In haka ne to ka sauke direban kamfanin da ya ƙera na'urar daga shafinsu ka daina dogara da ASIO4ALL, ka sa bafa 128 lokacin ɗauka, ka kashe kayan mastarin, wato na gyaran ƙarshe na waƙa, da ka jibga a layin ƙarshe don su ne ke shake kwamfutar, ka jona caja ka cire laftof daga tsarin tattalin batir, in an zo miksin ka mayar da bafa 1024 ba abin da zai dame ka. In duk ka yi wannan bata canja ba sannan a fara maganar sabuwar na'ura, kuma a wajen ingancin direba RME ta Jamus ce aka fi yabo, irin Babyface Pro FS, tsada gareta amma suna daɗewa suna sabunta direban tsofaffin kayansu. Kafin nan dai ka duba ƙarfin kwamfutarka, sau da yawa ita ce mara lafiyar.

TAMBAYA: Zan sayi na hannu mai ƙofa takwas saboda sabo ya fi ƙarfina. Me zan duba? Kuma a situdiyona akwai wani gurnani da ke tashi in an kunna janareto. — Ɗalibi mai koyon aiki, Kaduna

AMSA: Ƙanena sayen na hannu ba aibu bane, da yawanmu da shi muka fara, amma kar ka saya a hoto. Ka je da laftof ɗinka da makirfo kondensa da waya da hedfon, ka sauke direban tun daga gida don ka tabbatar kamfanin har yanzu yana yi wa irin Windows ɗinka. In an ce maka mai tsohon ramin FireWire ne ka bar musu kayansu komai arharsa, kwamfutocin yanzu basu da ramin. Sannan ka bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya har takwas, kar ka gwada biyu kace sauran ma haka suke. Kowacce ka jona makirfo ka yi magana, ka murɗa maɓallin ƙara ƙarfin makirfo (gain) a hankali daga ƙasa har sama kana saurara ko zaka ji ƙarar yashi, ka kunna 48V ka ga kondensan ya tashi, a irin UMC1820 wutar rukuni biyu ce, 1 zuwa 4 da 5 zuwa 8, kowane rukuni ka gwada shi. Ka ɗan girgiza wayar USB a raminta ka ga ko zata yanke, ka barshi a kunne yana ɗauka kamar minti ashirin don wani ciwon sai ya yi zafi yake fitowa. Ni na taɓa sayen wani a hannun wani mai kanti, ƙofa biyun farko na gwada na biya na taho, sai ranar aiki ga mutane sun cika ɗaki na tarar ta shida da ta bakwai shiru suke, ranar da makirfo ɗaya 'yan amshi huɗu suka yi waƙa.

Gurnanin kuma na wuta ne, wutarmu 50Hz take kuma amonta kenan kake ji, yawanci saboda ba'a yi wa ginin waya ta ƙasa ba ko kuma kayanka suna shan wuta daga soket daban-daban. Ka gwada wannan: ka zare cajar laftof ka saurara, in gurnanin ya ɗauke to ka kama ɓarawon. Ka haɗa kwamfuta da saund kad da lasifika duk a kan soket ɗaya mai kyau, lasifikan ka jona su da waya balans, wato XLR ko jak mai zobe biyu, fiyano in yana kawo ƙara ka ratsa shi ta akwatin DI, ɗan akwatin da ke mayar da layinsa balans, kuma ka raba wayoyin sauti da na wuta kar su kwanta tare. Dan Allah kar ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi don gurnani ya tafi kamar yadda wasu ke yi, makirfo ƙarfe ne kuma a leɓen mutum yake, ka kira mai gyaran wuta ya kafa maka sandar ƙasa ta gaskiya. Ƙaramin janareto kuma kar ka jona masa saund kad kai tsaye, in inbata zaka saya ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, janareton ya yi cajin batir kai kuma ka yi aiki daga batir, kuma duk sanda za'a canja layi daga NEPA zuwa janareto ka kashe lasifika tukuna, sannan saund kad, in wuta ta zauna ka kunna saund kad ɗin lasifika su zo a ƙarshe.

Masu tambaya akan lasifikan situdiyo da yadda ake jera su a ƙaramin ɗaki, naku na fitowa ta gaba in Allah ya kaimu, ku turo min da faɗi da tsawon ɗakin da kuma abin da aka yi rufinsa da shi.